Abin da Yaya Rabi ba ta samu ba

Da kakar bana Yaya Rabi ta cika shekara sittin a ƙasa, kuma har yau in na tuna yadda ta tafi, haushi ne ke riga hawaye zuwa.

Daga gidanmu na Makera aka kai ta aure Ɗantutture. Cikinta na fari yana wata bakwai ƙafafunta suka kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Kullum tana riƙe da kai, tana cewa wuta-wuta take gani. Tsofaffi suka ce zaƙi ne, a dafa mata saiwa. Da jijjiga ta kama ta wata hantsi, aka ce iska ce, aka yi ta turare. Naƙuda ta zo ba lokacinta ba, ta haifi Sule bakwaini. Sai da la'asar aka yarda a ɗauke ta zuwa ɗakin shan magani na Dutsin-Ma. A hanya ta cika. Kwana na Allah ne, na sani. Amma babu wanda ya taɓa auna jininta, don ko sunan hawan jini ba mu sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

To yau fa? Zainabu, ɗiyar Sulen nan da na raina da madarar saniya, tana da ciki wata shida. A asibiti aka auna ta, aka ce jininta ya hau, aka ba ta ƙwaya, aka ce ta riƙa dawowa awo. Ungozomar asibitin ta ce irin maganin har naƙudar da ta yi gaggawa sukan tsayar da ita da shi. Makon jiya na ɗaga katifarta, sai ga ƙwayoyin ko ɓarewa ba a yi ba.

"Zainabu, mene ne wannan?"

"Inna, maƙwabciyata ta ce na tsofaffi ne, yana ƙanƙantar da jariri."

"Ita ta auna ki? Tashi, gobe mu koma ki tambayi masu abin!"

Da Yaya na raye, da ba ta tsaya lallashi ba. Macen da ke tafiya Kurfi a ƙasa ranar kasuwa, me zai hana ta taka zuwa awo? Ruwa ya zo har bakin ƙofa, jikarta tana cewa ba ta jin ƙishirwa.

Ba ta bar hoto ba, kabarinta ma ya baje. Abin da ya rage nata shi ne Sule, da 'ya'yansa tara, da ni mai mita. Zainabu ta ce na cika faɗa. Ta faɗa ɗin. Kowace safiya ina zaune bakin gadonta da ƙwayar da moɗar ruwa, ba na tashi sai na ga maƙogwaronta ya motsa.