Minas Kalafatis, Mai Tagar Teku

Haihuwa da Karatu

An haifi Minas Kalafatis a shekarar 1906 a Kastri, ƙauyen da ke kan tsauni a wani tsibiri na ƙasar Girka. Mahaifinsa Sotiris mai niƙan sha'ir ne, mahaifiyarsa Irini masaƙiya ce. Tun zamanin 'yan fashin teku aka gina gidajen Kastri manne da juna, bayansu ya zama ganuwa, kuma al'ada ta haramta huda taga a bangon da ke fuskantar ruwa, don kada hasken fitila ya tona asirin gari. Minas ya yi shekara uku a makarantar coci kafin a sallame shi, bisa hujjar cewa gajimare yake kallo maimakon allo.

Sana'a da Iyali

A 1924 ya gaji injin niƙan mahaifinsa, irin wanda iska ke juyawa. A 1931 ya auri Kaliopi, Allah ya azurta su da 'ya'ya uku: Evdokia, Marika da autansu Fotis.

Al'amarin Taga

A watan Afrilu na 1957 Fotis ya sauka matakala ɗari huɗu da goma sha biyu zuwa bakin ruwa, ya shiga jirgi zuwa Ostireliya, da alkawarin dawowa bayan shekara biyar. Da wa'adin ya cika, gwiwoyin Minas sun daina iya gangara, sai ya ɗauki guduma ya fasa bangon ɗakinsa. Dattawa suka kira shi.

"Kawu Minas, 'yan fashin ne suka ɗauke ka aiki?" in ji shugaban gari.

"'Yan fashinku sun mutu tun kakanka yana goyo. Ni yarona nake dubawa."

Aka yanke hukunci a bar tagar, da sharaɗin a toshe ta ranar da Fotis ya dawo.

Tsufa

Kowace Alhamis, ranar zuwan jirgi, yakan sa farar riga ya zauna a bakin tagar, idan fasinja suka watse ya jefa tsakuwa ɗaya a tulu. Wasiƙun Fotis suka yanke a 1971. A 1978 idanun Minas suka mutu, amma bai fasa zaman ba. Kaliopi ce ke siffanta masa tafiyar kowane mai hawowa.

Rasuwa

Ya rasu ranar Laraba, 9 ga Nuwamba 1983, yana da shekara saba'in da bakwai. An binne shi washegari a bayan coci, daidai lokacin da jirgi ya busa ƙaho a ƙasa. An samu tsakuwa dubu ɗaya da ɗari da ashirin da huɗu a tulun. Bayan addu'ar arba'in dattawa suka zo da magini, Kaliopi ta tuna musu sharaɗin, suka koma da kayan aikinsu.

Ya rasu ya bar matarsa Kaliopi, da Evdokia wadda ta gaji gidan, da Marika a birnin Atina, da kuma Fotis, wanda ba a toshe tagarsa ba har yau.