Sakatar da Ke Waje

Abin da na fara gani a gidan Yaya Rabi sakata ce. Tana jikin ƙofar ɗakinta, amma ta waje. A gidanmu na Toranke ta ciki ake sa sakata. Na tsaya ina kallonta har Yaya ta karɓi jakata ta ce in shigo. Ban tambaya ba. Ni ba mai magana ba ce.

Hutun makaranta ne. Inna ta turo ni garin Balan in taya Yaya aiki, don cikinta ya shiga wata na shida. Mijinta, Ɗanlami, injin niƙa gare shi a zauren gidan.

Ranar Asabar mun sha koko da ƙosai. Muka baza tabarma muna ɓarar gyaɗa. Yaya ta nuna mini hular jariri da take saƙawa da koren zare, saura kaɗan ta gama. Wajen ƙarfe tara Inna ta bugo waya, suka yi hira har Yaya ta yi dariya.

Ƙarfe goma Ɗanlami ya shigo. Ya ɗauki wayar ya duba, ya ajiye. Ya koma zaure ya ta da inji.

Kwana biyu na yi ina jin injin nan, na san kukansa. In da hatsi a ciki, ƙararsa a danne take. Wannan karon ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Babu wanda ya kawo niƙa. Na ga hannun Yaya ya tsaya cak a cikin gyaɗa.

Ya dawo da tsohon bel ɗin inji a hannu.

“Ke, fita!”

Na fita na tsaya bayan rumbu. Ya ja Yaya ɗaki. Maƙwabta ba su ji komai ba sai inji. Ni da ke kusa na ji. Na ƙirga har goma sha bakwai, daga nan muryarta ta ɗauke.

Sha ɗaya saura kwata ya fito. Ya zura sakatar, ya kashe inji, ya wanke hannu da butar alwala, ya hau babur. Na jira har ƙarar ta ɓace. Sakatar da ya sa don kada ta fita, da yatsa biyu na zare ta.

Zanen Yaya ya jiƙe da jini. Na yafa mata hijabina. Muka bi ta ƙofar baya, muka shiga gonar dawa. Ganyen yana yankar fuskata. Sau uku ta durƙusa. Takalminta ɗaya ya cire, ba mu koma ba. Duk babur ɗin da ya wuce a hanya, sai mu tsugunna.

Ana kiran azahar muka fito titi. Wata Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta, ta tsaya a tsakiyar hanya har wata motar kasuwa ta tsaya.

“Ku matsa mata! Ku kwantar da ita!”

A asibitin Ajingi, unguwar zoma ta ga shatar bel a bayan Yaya. Ta tambayi sana’ar mijin. Da na faɗa, sai ta ce, “Na taɓa ganin wannan shatar.” Ta ce matarsa ta farko, Talatu, a nan aka yi mata ɗorin hannu. Har kotu suka je, aka raba auren, aka rubuta komai.

Mu ba mu sani ba. Kafin a ɗaura auren Yaya, Baba ya tura Kawu bincike, yadda ake yi. Kawu ya tambaya a ƙofar masallaci da majalisar dattawa. Aka ce masa mutumin kirki ne, jam’i ba ya wuce shi. Cikinsu akwai waɗanda suka raka shi kotu. Ba wanda yake so a ce shi ya ɓata aure. Kawu bai shiga cikin gida ya tambayi mace ko ɗaya ba.

Jaririn Yaya bai zo da rai ba. Namiji ne. An binne shi kafin la’asar. Kunnen Yaya na hagu bai sake ji ba. Hular tana can Balan, cikin ɓawon gyaɗa.

Malamarmu ta ce a wasu ƙasashe doka ta ba mace dama ta je wurin hukuma ta tambaya ko mai nemanta ya taɓa dukan mace, a faɗa mata. Na rubuta wannan a bayan littafina. Mu tamu takardar tana kulle a kabad ɗin kotu.

Ana cewa in yafe wa Ɗanlami. Ban yafe ba. So nake duk zauren da ya yi sallama a bar shi tsaye. So nake ya tsufa shi da injinsa, babu mai miƙa masa ruwa.

Makon jiya muka ji ya kai goro wani gida a Gaya. Ranar kasuwar Ajingi na nemi Talatu. Na same ta tana auna gero da hannun hagu, na dama a lanƙwashe. Na matsa kusa da ita.

Na ce, “Anti, ki ara mini takardarki ta kotu. Ba wurin mazan gidan zan kai ba. Yarinyar zan karanta wa.”