Iska ta ɗauki jirgi ta bar Basarke

A Makka aka haife ni, cikin duwatsu, kuma har na fara furfura ban iya iyo ba. Ina zan koya? Ruwan da na sani shi ne wanda mota ke kawo mana unguwarmu ta Ka'akiyya a zuba a tanki. Amma ni aka bari da jirgin kamun kifi. Da babban wanmu ya rasu aka zauna rabon kayansa, masu karatun gidanmu suka kwashe abin da ke da amfani. Ni da ban gama makarantar tsakiya ba aka ce ai kana son kifi, ga jirgi can a gaɓar teku a Shu'aiba. Ƙarami ne, huri ake ce masa, da makina ɗaya, wato inji, a baya wadda ake tayarwa da igiya. Na karɓa. Me zan ce?

Jirgin ya daɗe a kife a kan yashi, har Allah ya haɗa ni da wani maƙwabci, magini, mutumin Yawuri da ya zo aiki. Ya girme ni sosai. Basarke ne, wato daga gidan masunta ya fito, kuma a cewarsa kafin ya iya tafiya ya iya nutso. Na kira shi Sarkin Ruwa don tsokana, shi kuma ya kira ni Ɗan Dutse. Muka shirya a kan haka: jirgi da takardar fita nawa, hannu da sani nasa. In aikin Mina ya ƙare, alhazai sun watse, gari ya yi shiru, sai mu riƙa fita duk ranar da ba shi da gini.

Gaskiya ya iya kifi. Ba ya zuwa nesa. Akwai duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa da ake kira sha'ab, wuri ne mara zurfi, ruwansa kore-kore, daga bakinsa kuma sai ƙasa ta yanke ta faɗa, ruwan ya koma shuɗi mai duhu. A wannan baki kifi ke kiwo. Sai ya jefa barusi, wato ƙarfen tsayar da jirgi, a kan sha'ab ɗin ta inda iska ke fitowa, ya saki igiya, jirgin ya ja baya ya tsaya daidai kan ramin. Ya cuɗa dakakken kifin sardin da yashi ya riƙa jefawa dunƙule-dunƙule don ya nutse ya tara kifi. Mu kuma mu sa yankan habbar, wata dabbar teku mai laushi da santsi, a ƙugiya mu saki zare da hannu. Bai yarda da sandar kamun kifi ba, ya ce kifi a yatsa ake jin sa.

Abu ɗaya ne bai taɓa ɗauka da muhimmanci ba, iska. Masuntan gaɓar nan duk sun san da safe teku lafiya lau take, amma da rana ta karkata sai iskar arewa ta taso, kowa ya naɗe ya koma. Shi kuwa sai ya ce a kogi ma ana iska.

Ranar da nake magana, kifi ya ci sosai. Wanda ake kira sha'ur ne ke ta hawa, har najil ja guda ya faɗo mana, irin wanda ko a kasuwa sai dai mu kalla mu wuce. Muka yi azahar a zaune cikin jirgi. Da na sallame na ga sauran jiragen da ke kusa sun tafi, fuskar ruwa kuma ta fara yamutsewa, ga ɗan farin kumfa can ta arewa. Na ce mu tafi. Ya ce in bari ya ƙara jefawa sau ɗaya. Sau ɗayan nan na Basarke ba ya ƙarewa. Sai da jirgi ya fara dukan ruwa da ƙirji, igiyar barusi ta miƙe tana kuka, sannan ya naɗe zarensa.

Ya tayar da makina ya matsa gaba, ni na ja igiya. Barusi ya ƙi fitowa. Ya kewaya ta dama, ya kewaya ta hagu, na ja har tafin hannuna ya yi zafi. Ƙarfen ya shige cikin murjani ya maƙale. Na ɗauko wuƙar yanka habbar na ce a yanke igiyar kawai, ƙarfen rodi ne, kowane mai walda zai lanƙwasa mana wani.

Ya dube ni kamar na zagi ubansa. Ya ce a gidansu ba a barin kayan aiki a ruwa. In taru ya kama itace a ƙasan kogi, mutum ke shiga ya kwance shi, wanda ya yanke kuwa har yara sai sun yi masa waƙa. Kafin in sake magana ya kashe makina ya tuɓe riga.

Na ce, "Sarkin Ruwa, nan fa ba Yawuri ba ne."

Ya ce, "Ruwa ruwa na, Ɗan Dutse. Kai dai zamna tsakiya, kak ka taɓa komi."

Ya faɗa. Na leƙa ina ganin tafin ƙafarsa fari yana bin igiya zuwa ƙasa. Ya ɗan jima, ya fito ya ja numfashi, ya koma. Can sai na ji jirgin ya yi wani sakwa-sakwa a ƙarƙashina, kukan igiya ya tsaya. Ya kwance shi. Na ga kansa ya ɓullo yana dariya yana share fuska.

Dariyar ba ta daɗe ba. Tsakanina da shi da bai fi tsawon ɗaki ba, kafin ya gama share ido ya zama faɗin titi. A kogi, daga baya ya gaya mini, mutum da kwalekwale ruwa ɗaya ke jan su, tare suke tafiya, in ka fito kana miƙa hannu ka kama. A teku iska ce ke tura jirgi, mutumin da ke cikin ruwa kuwa ba ruwanta da shi. Jirgin ga shi mara nauyi, ya juya mata gefe, tana tura shi kamar kwali. Barusin ya zame daga bakin sha'ab ya faɗa rami, yana reto a igiya, ba abin da zai kama.

Ya fara iyo. Ban taɓa ganin mutum na iyo haka ba, hannu na sara ruwa kamar yana faskare. Da farko na ɗauka zai kamo ni. Na miƙa masa sandar da muke tura jirgi da ita, ina kiransa. Sai na lura duk saran da ya yi, ƙara ƙanƙancewa yake.

Na rarrafa baya wurin makina. Ban taɓa tayar da ita ba, amma na ga yadda yake yi. Na ja igiya. Ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake ja. Na matsa robar mai kamar yadda yake matsawa, na ja. Na buɗe murfin tankin banzin na leƙa, akwai mai. Na ja har kafaɗata ta yi ƙara. Ba komai. Na durƙusa na ci gaba da ja. Na duba kudu inda iska ke kai ni, babu jirgi, babu gaɓa, ruwa ne kawai baƙi yana tashi yana sauka. Ina ta kiran sunan Allah, amma abin da ke cikin kaina shi ne, yau zan kalli mutum ya mutu, daga nan kuma in bi shi.

Da na waiwaya ya daina iyo. Igiyar ruwa ta ɗaga shi na gan shi, ta sauke shi ya ɓace. Da ta sake ɗaga shi sai na ga ya miƙa hannu ɗaya sama yana kaɗawa. Na zaci ban kwana yake mini. Sai na ga wani abu ja yana lilo a wuyan hannunsa.

Akwai wata 'yar jar igiya da mai tuƙi ke ɗaurawa a hannu, bakinta da ɗan roba da ke maƙale a ƙarƙashin maɓallin kashe makina. An yi ta ne don in mai tuƙi ya faɗa ruwa makina ta mutu. In babu ita, ko ka ja har gobe ba za ta tashi ba. Da ita ya shiga ruwa.

Iskar daga wajensa take zuwa, don haka muryarsa na iso ni guntu-guntu, tawa kuwa ba ta kai masa. Na ji "maɓalli", na ji "jawo shi", sauran iska ta cinye. Na duba na ga jan maɓallin ya shige ciki. Na sa farce na jawo shi waje, na saki, ya koma. Na riƙe da hannu ɗaya na ja igiya da ɗayan, ƙarfi bai isa ba. Na duba cikin jirgi, kifi na ta zamewa cikin ruwan da ya fantsamo, ga zaren kamun kifi mai kauri. Na yanko, na jawo maɓallin, na yi ta naɗa zaren a ƙarƙashinsa. Yatsuna duk santsin habbar, zaren ya kuɓuce, na sake. Da ya tsaya a waje na tashi na ja da hannu biyu.

Ta tashi. Wallahi sai da na ji tsoron ƙarar.

Na tuna barusi na reto a gaba, in na tafi da shi igiyar za ta iya naɗe farfela. Na rarrafa na sa wuƙa na yanke. Na dawo na tura ƙarfen giya, jirgi ya zabura har na faɗi zaune. Na tura hannun tuƙi dama, jirgi ya yi hagu. Na yi kewaye guda a banza kafin in gane a juye abin yake. Da na fuskanci iska sai ruwa ya fara dukan gaban jirgi yana watso mini gishiri a ido. A nan na rasa shi. Na duba ko'ina, kowace igiyar ruwa da baƙin kai a kanta, kuma babu wadda take shi. Na nufi inda ruwa ya yi kore, don na san daga can muka taso, ina tafiya ina ihu kamar mahaukaci.

Jar igiyar na fara gani. Yana kwance rigingine, bakinsa a buɗe, ruwa na wanke masa fuska.

Tsoron farfela ya kama ni, kada in je ceto in sare shi. Tun da ɗan nisa na fizge zaren, makina ta mutu. Na miƙa sanda. Saura kaɗan, kamu biyu ko uku. Ya miƙo hannu, iska ta ja ni baya. Na tsaya a inda iska za ta raba mu, ba inda za ta haɗa mu ba. Ina kallon idonsa lokacin da ya gane. Ya mayar da kai ya kwanta.

Na sake naɗa zare. Wannan karon sai da na haɗa da haƙori. Na ja, ta ƙi. Na ja, ta ƙi. Na ce ya Allah, ba don ni ba. Na ja ta tashi. Na wuce shi ta gefe da nisa, sai da na ga ya koma bayana, iska na busowa daga ni zuwa shi, sannan na kashe. Jirgin ya taho masa a hankali da gefe har ya buge shi a kafaɗa.

Ya kama bakin jirgi amma ya kasa hawa. Mutumin da ke ɗaukar buhun siminti a kafaɗa ya hau bene, ya kasa ɗaga ƙafarsa. Na kama hannunsa, jirgi ya karkata har ruwa ya fara shigowa, na saki. Na ga gwiwarsa da ƙaurinsa duk murjani ya yayyanka, jini na fita yana bajewa a ruwa, na tuna irin kifin da jini ke kira. Ban gaya masa ba. Na ja shi ta baya kusa da makina inda jirgi ya fi ƙasa, na ce ya taka ƙarfen da ke saman farfela. Na cusa hannu a ƙugun wandonsa, na jira igiyar ruwa ta ɗago shi, na faɗi da baya da shi gaba ɗaya. Muka zube cikin kifi.

Ya yi ta aman ruwan gishiri. Na zuba masa ruwan sha a baki, rabi ya zube. Haƙoransa na haɗuwa, a wannan rana da ke ƙona fata. Na jira ya tashi ya karɓi tuƙi, don gaɓa da nisa kuma iska sai ƙaruwa take. Ya yunƙura ya koma. Ya yi ƙoƙarin kwance jar igiyar daga hannunsa, yatsunsa suka kasa, ni na kwance.

Ya ce, "Ɗaura a naka. Kai za ka kai mu."

Na ce ban iya ba. Ya ce in sa gaban jirgi ya ɗan kauce wa igiyar ruwa, kada in ba ta gefe, kada in yi gudu. Yana kwance yana faɗa, idonsa a rufe, ni ina yi. Duk igiyar da ta taso sai in ga ita ce za ta kife mu. Haka muka yi ta hawa muna faɗawa har na hango yashi da motata ita kaɗai a gaɓa.

Da ƙasan jirgi ya gogi yashi na kashe makina na sauka, ruwa iya gwiwa. Shi kuma sai da na tallabe shi zuwa mota. Kifin ma wasu masunta da suka rage a gaɓar ne suka taimaka suka juye mana a buhu, suna tambaya ina barusinku.

Da muka kama hanyar Makka na kunna sanyin mota, ya ce in kashe, sanyi yake ji. Na kashe, na rufe gilashi, na lulluɓa masa shimfiɗar salla. Gumi na zuba mini har cikin ido, shi yana rawar ɗari. Da duwatsu suka fara bayyana ya roƙe ni kada labarin nan ya kai kunnen mutanen garinsu da ke nan, don in ya kai, kafin sati ya isa Yawuri. Na ce to. Na tsaya a kantin magani na sayo abin wanke ciwo, na wanke masa ƙafa a bakin titi, yana riƙe da ƙofar mota da hannu biyu.