Jiƙon da Yaya Mamman ya ɓoye wa likita

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar yayana Mamman, masunci a Argungu, kuma har yau ina yi masa addu'a ina jin haushinsa.

Lokacin ba a yi jihar Kebbi ba, muna jihar Sakkwato. Ƙari ya fito masa a muƙamuƙi, na kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ce wurin yana da yawan jijiyoyi, don haka za su rage ƙarfin gudun jininsa da gangan yayin aikin, kada ya zuba da yawa, in an gama su maido da shi. Ya tambaye shi ko yana shan wani abu, na asibiti ko na gida. Yaya ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ba ni shan komi."

Ashe yana sha. Akwai jiƙon saiwoyi da manyan gidanmu ke sha kafin nutso, wai yana kwantar da zuciya mutum ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Babban ɗa kaɗai ake nuna wa, kuma ba a faɗa wa baƙo. Da safen aikin ma ya kurɓa, don kada a ga tsoro a fuskarsa. Aka sauke jinin, ya wuce inda ake so, ya ƙi dawowa. Sai a zaman makoki matarsa ta gaya mini. Da na koma wa likitan da labarin, ya ce da ya sani da bai sauke ba.

Yanzu na'ura ke nuna bugun jini a allo. Da Yaya ya gani, dariya zai yi, ya ce ai ba ta ganin abin da mutum ya sha a gida.

Bara babban ɗansa Garba ya kwanta za a yi masa aiki. Aka yi masa tambayar nan, ya ba da amsar ubansa. Ina wurin, sai na buɗe baki na faɗa wa likitan komai a gabansa. Aka ɗaga aikin, aka yi daga baya, ya tashi lafiya. Ranar sallama ya ce, "Baba, ka tona muna asiri gaban baƙo."

Yaya ya bar komar kamun kifi, ya bar jirgi, ya bar taurin kai, kuma na san da yana raye bayan ɗansa zai goya. Allah ya jiƙansa. Garba ya daina gaishe ni. Kullum da safe ina ganin wucewarsa zuwa gulbi, da ƙafafunsa.