Muntaka da Jinin Japanawa

Shekara ashirin da biyu Muntaka ya yi yana wanke daɓen wata mayanka a unguwar masana'antu ta Jidda. Umara ya zo yi a 1981, kuma in ka tambaye shi yaushe zai koma gida, sai ya ce bai gama addu'o'insa ba tukuna. Kullum yakan dawo gida unguwar Waziriyya baya a sage, tafin hannu duk ya yamutse don ruwa, ya ci abin da ya samu ya miƙe ƙafa.

Ɗansa na fari, Othman, a Jidda aka haife shi, har ya zama direba. A garin su Muntaka kuwa ba a kiran sunan ɗan fari, balle hira da shi; "kai" kawai yake ce masa. Othman ya tashi yana ganin Larabawa na rungumar 'ya'yansu a bakin titi, sai ya ɗauka uban ba ya ƙaunarsa ne. Har ya fara zancen komawa Dammam da zama.

"Malam," in ji matarsa Zaituna, "kunyar nan taka za ta kore mini ɗa. Ran Juma'a ka zauna da shi. Ko me yake kallo, ka kalla."

Abin da yake kallo wani fim ne na Japanawa da samarin unguwa suka yi sati suna gardama a kansa. Wasu sun ce ba a taɓa yin irinsa ba, wasu sun ce sun kasa cin nama kwana biyu. Bayan la'asar Muntaka ya zauna a gefen kujera, ya ƙudurta ba zai yi gyangyaɗi ba.

Duhu, ruwan sama, mutane cikin baƙaƙen kwat, ba mai dariya. Wani siriri ya zare takobi ya shiga ɗaki, kafin ka ce me ya kwantar da mutum bakwai. Jini har rufi. Othman ya saci kallon uban.

Muntaka ya yi ajiyar zuciya. "Wannan tabarmar dai ta tafi."

"Abuya, *halas*, ya isa, ka kalla kawai."

Muntaka ya daure. Can sai ga wata tsohuwa a fim ɗin ta shigo da bokiti yana tururi.

"Ruwan zafi? Innalillahi! Kai, wa ya koya mata? Ai dafa jinin za ta yi, ya kama katakon. Ruwan sanyi ake fara sawa, sannan gishiri. Ga bangon takarda, ga ba magudana. Mutum ɗaya, ɗakin nan sai ya kai azahar."

Othman ya tsayar da fim ɗin. Shi dai abin da ya sani, ubansa "a masana'anta" yake aiki. Ya lalubo Hausarsa mai ɗingishi.

"Kai... kullum haka kake wankewa?"

"Wannan? Wannan ai Talata ce da ba ciniki. Ka zo ka gani da babbar salla."

Othman ya daɗe yana duban hannuwan uban. Bai sake kunna fim ɗin ba.

"Gobe ƙarfe nawa kake fita? Ni zan kai ka. Kullum."

Muntaka ya gyaɗa kai, ya dubi ƙasa. Daga ƙofar kicin Zaituna ta ɗaga hannu sama tana godiya. Shi kuwa yana tunanin rabin awar nan ta cikin bas, ita kaɗai ce barcin da yake ƙarawa da safe, ga shi yanzu sai ya nemo abin faɗa.