Na'ima da Ledar Alawarta

Na'ima maƙwabciyata ce a unguwar Glenwood, shingen katako ne kawai ya raba gidajenmu. 'Yar zangon Kumasi ce, ni kuma 'yar Kano, shi ya sa kullum muna cikin musu a kan wadda ta fi iya Hausa. Shekararta tara a nan garin Greensboro na Amurka. Wanki da guga take yi a wani otal a cikin gari, ta dawo hannuwanta duk sun bushe saboda sabulu. Mijinta Hardi direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai leƙo gida ba. A gaban baƙi kunya ce da ita kamar amarya, amma a cikinmu wallahi bakinta ba ya hutawa.

Damuwarta ɗaya ce, 'yarta Anissa. Da suka dawo unguwarmu aka sauya wa yarinyar makaranta, wata biyar ba ta yi ƙawa ko guda ba. Ita kaɗai take cin abinci, ita kaɗai take zama a motar makaranta. Da za ta cika shekara takwas sai ta roƙi a yi mata bikin ranar haihuwa, a kira 'yan ajinsu. Na'ima ba a taɓa yi mata wannan bidiri ba, tata ranar ma sai ta duba fasfo take tunawa. Amma ta ce to.

Ni na ba ta shawarar katin gayyata, tunda haka ake yi a nan. Muka buga ashirin da ɗaya da lambar wayarta a jiki, Anissa ta raba a aji. Sati guda, shiru. Kwana goma, shiru. Kullum yarinyar nan ta dawo sai ta ɗauki wayar uwarta ta duba, ta ajiye. Abin ya ƙona mini rai, har na ce a bar su can, mu tara 'ya'yan mutanenmu na masallaci a wuce wajen.

Na'ima ta ce, "Anti, ba su take so ba. Kuma laifinmu ne. A gida wa yake gayyatar mutum da takarda? Ƙafa ake takawa."

Ranar Asabar sai ga ta da mayafi, riƙe da leda cike da alawa da cingam an ƙulla uku-uku, irin wanda mata ke rabawa idan za a yi suna. Na ce, "Ke Na'ima, kanki ɗaya kuwa? Nan fa Amurka ce. Za ki bi ƙofofin mutane da alawa, so kike a kira miki 'yan sanda?" Ta ce in zan raka ta in taso, in ba zan je ba in ba ta hanya. Na bi ta, ina mita tun daga bakin ƙofa.

Anissa ce ke nuna mana gidajen da take ganin motar makaranta tana sauke 'yan ajinsu, guda shida. Na farko ba a buɗe ba, alhali mun ga labule ya motsa. Na biyu wani mutum ya saurare mu ta bayan ƙofar raga, ya ce zai gaya wa matarsa. Ni kunya kamar in nutse. Na'ima kuwa ko a jikinta, da guntun Turancinta take ta bayani: wannan 'yata ce, Lahadi ta sama ƙarfe biyu, ku zo ku ci abinci.

A gida na huɗu wata mata ce ta buɗe, Lucia, 'yar ƙasar Honduras. Daga ƙofa muka hango katinmu manne a jikin firjinta. Ta ce 'yarta ta dame ta da maganar, amma ita tsoron waya take ji saboda Turancinta bai kai ba, kuma ba ta san wane irin gida za ta tura yarinya ba. "Yanzu na ga fuskarki," in ji ta. Ta karɓi alawar da hannu biyu, ta ce za ta yi wa wata uwar magana.

Ranar biki Na'ima ta dafa wake da shinkafa irin na Gana, tukunya guda, kamar zango za ta ciyar. Ni na yi kek. Yara huɗu ne suka zo cikin ashirin da ɗaya. Haushi ya kama ni, ita kuwa sai zuba abinci take tana ƙara musu nama. Yaji ya sa ɗaya hawaye, aka ba shi madara. Suka yi ta guje-guje har suka fasa mini tukunyar fure.

Litinin da safe ina sharar ƙofa, na ga 'yar Lucia da jakarta a baya tana ƙwanƙwasa gidan su Na'ima. Anissa ta fito a guje, suka kama hanya suna surutu. Na'ima ta biyo 'yarta da ƙosan da ta naɗe mata, sai ta tsaya cak, ba ta kira ta ba.

"Anti, kin ga ko waiwayowa ba ta yi ba," ta ce, tana dariya, tana share ido da bakin mayafi.