Kawu Ya Cika Rantsuwa

Mahaifiyata ta shekara ashirin da shida tana ɗaukar hoton zuciya a asibiti, kuma ba ta gane kowa a hanya. Ba girman kai ba ne. A ɗakinta ana rage haske, mara lafiya ya kwanta a gefen hagu ya ba ta baya, ta shafa masa mai sanyi a ƙirji, ta ɗora na'ura, zuciya ta fito a allo tana buɗewa tana rufewa. Allon take gaisarwa. Maƙwabcinmu tela ya yi wata uku yana fushi don ta wuce shi a bakin titi, alhali ranar da ya kwanta mata cewa ta yi, "A'a, mai yoyon ƙofar hagu ta zuciya, ya yara?" Ni kaina sai na yi magana take sanin ni ce, abin yana ƙona min rai.

Tana da wa guda ɗaya. Da ƙirjinsa ta koyi aikin, shekara guda cur yana kwanta mata. Wata rana ta faɗa a gaban surukansa cewa sigari ta fara cin zuciyarsa. Kawu ya rantse ba za ta ƙara ganin fuskarsa ba, ya bar gari. Shekara goma sha tara tana cigiyarsa.

Wata Talata wani tsoho ya shiga ɗakin ya kwanta tun kafin a ce masa, ya ba ta baya. Ta ɗora na'ura. Zuciyar ta kumbura, da ƙyar take matsewa. Ta daɗe tana kallo.

"Yaya," ta ce da allon, "haka ka koma?"

"Ban karya rantsuwa ba," in ji shi, yana kallon bango.

"Riƙe fuskarka. Abin da na gani ya ishe ni."

Ta kawo shi gida. Wata huɗu ya yi a falonmu, yana cin abinci yana fuskantar bango, suna hira har da dariya, ita tana kallon ƙeyarsa. Taurin kai gadonmu ne. Har ya rasu bai juyo ba, ita ma ba ta leƙa ba.

Yanzu hoton zuciyarsa na ranar Talatar nan na rataye cikin hotunan dangi, baƙi da fari, dishi-dishi. In baƙo ya tambaya sai ta ce, "Yayana ne. Ba ka ga kamarmu ba?"